Yadda Za Ka Hana Ma'aikata Arba'in Aikin Asabar Da Kalkuleta Ɗaya

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari kafin a biya albashi sau uku za ka zama masanin haraji na wurin aikinka. Za a riƙa matsa maka a benci. Mutanen da suka haife ka a shekaru za su miƙo maka takardar albashinsu da hannu biyu. Ba sai ka san haraji ba, gaskiya ma sanin yana iya kawo maka cikas. Ni da kaina na gwada hanyar nan shekara biyu cur a masana'antar sabulun da nake aiki, inda ake biyan mu da awa, har kowa ya koma kirana Malam Akanta, alhali aikina liƙe kwali ne.

Duk misalan da zan kawo, da albashin Dogo zan kawo su. Dogo shi ne mai turo min kwalaye a kan layi, ni ina liƙewa. Mutum ne marar hayaniya, da matarsa da 'ya'yansa biyu da mahaifiyarsa a gida, wadda yanar ido ta hana gani. Likita ya ce aikin idon dubu ɗari huɗu ne, Dogo kuma dubu goma yake iya ajiyewa duk wata. Ka riƙe wannan a ranka, domin babu masanin da zai yi suna ba tare da mutum irin Dogo ba.

Mataki na 1: Ka sayi kalkuleta mai manyan madannai

Ba ta waya ba. Kowa na da ta waya, kuma ba a taɓa girmama mutum don ya latsa waya ba. Ka nemi irin ta masu shago, faffaɗa, wadda in ka sa ta a aljihun riga sai kanta ya leƙo. Ka haɗa da jan biro.

Lokacin hutun cin abinci ka zauna a ƙarshen benci, ka ɗora ta a cinya, ka danna wasu lambobi, ka girgiza kai a hankali. Kada ka kula kowa. Kwana uku na yi ina haka, ran na huɗu mai gadi ya zo da ƙafarsa ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, albashinmu kawai nake dubawa. Kafin a tashi aiki labari ya kai har sashen injin.

Mataki na 2: Ka fara da gaskiya, ita ce ta fi arha

Mutane ba sa yarda da ƙarya sai daga bakin wanda ya taɓa faɗa musu gaskiya. Saboda haka ka koyi abin da ke saman takardar albashi, ba shi da wuya.

Ana biyan Dogo ɗari biyar a awa. Awa takwas a rana, kwana biyar a mako, awa ɗari da sittin ke nan a wata. Ka ninka, dubu tamanin. Zai ce maka ai awa takwas da rabi yake yi a masana'anta. Ka dube shi da tausayi, ka ce rabin awar cin abinci ba a biya, tun da kamfani bai ɗauke shi aikin tauna ba. Ka ƙara masa da cewa in ya makara minti bakwai, na'urar danna yatsa da ke bakin ƙofa kwatar awa take rubutawa, ɗari da ashirin da biyar sun tafi.

Yawancin ma'aikata a nan lissafinsu yake tsayawa. Su ninka awa da kuɗi, su je gida su faɗa wa iyali dubu tamanin. Ƙarshen wata, takarda ta ce dubu sittin da tara da ɗari biyar, maigida ya tsaya yana rantse-rantse a tsakar ɗaki. Aikinka shi ne ka san inda dubu goma da ɗari biyar suka shiga.

Mataki na 3: Ka haddace layin masu cira

Masu cira a albashi suna da layi, kuma ba mai tsallake wani.

Fansho ne farko, kashi biyar cikin ɗari, dubu huɗu. Ka gaya wa Dogo kuɗinsa ne, za a ba shi in ya tsufa, kada ka shiga maganar ko zai kai. Saura dubu saba'in da shida, kuma wannan ne abin da haraji yake kallo. Dubu talatin na farko ba a taɓa su. Ragowar dubu arba'in da shida a cire musu kashi goma, dubu huɗu da ɗari shida. Sai inshorar lafiya, dubu ɗaya da ɗari biyar, wadda take ɗaukar mata da 'ya'ya amma ba ta san mutum yana da uwa ba. Sai kuɗin ƙungiya, ɗari huɗu, wanda ake saya wa shugabanninta ruwan roba a taro.

Yanzu ka danna alamar daidai, ka juya masa fuskar kalkuleta, ka ajiye takardarsa a gefe. Dubu sittin da tara da ɗari biyar a nan, dubu sittin da tara da ɗari biyar a can. Kada ka yi murmushi. Ranar da na yi wa Dogo haka ya daɗe yana kallon lambobin biyu, sannan ya ce shekararsa shida yana karɓar takardar nan, yau ne ta fara yi masa magana. Wallahi na ji daɗi, har cikin raina na ji.

Abin lura: daga wannan rana duk abin da ka faɗa gaskiya ne, ko da ba ka duba ba. Masani ba ya dubawa sau biyu, zubar da girma ne.

Mataki na 4: Ka gano tarko

Masanin da bai gano tarko ba, mai kalkuleta ne kawai. Ka je allon sanarwa na ƙofar ofishin albashi, za ka tarar da jadawalin haraji an liƙe shi da fil huɗu. Namu layi uku ne, hawa-hawa. Zuwa dubu talatin, babu komai. Daga nan zuwa dubu tamanin, kashi goma. Sama da dubu tamanin, kashi ashirin. Akwai wani ƙaramin rubutu a ƙasa, kada ka wahalar da idonka.

A lokacin ne kamfani ya kafa takardar neman masu aikin Asabar, ana biyan awa da rabi a kan kowace awa, wato ɗari bakwai da hamsin, dubu shida a yini. Dogo ya zo yana zumuɗi, ya ce in ara masa biro zai rubuta sunansa, in Allah ya yarda Inna za ta gani da wuri. Na ce ya dakata.

Ga yadda za ka yi. Asabar ɗaya ta mayar da albashinsa dubu tamanin da shida. A cire fansho, saura dubu tamanin da ɗaya da ɗari bakwai. Ka ɗaga kai ka dube shi, ka ce ya haura. Sai ka ɗauki kashi ashirin ka maka wa kuɗin gaba ɗaya, harajin ya tashi sama da dubu goma sha shida. Ka cire sauran tarkacen, ka juya masa kalkuleta. Dubu sittin da uku da 'yan kai. Ka bayyana masa a natse cewa zai tashi da sassafe ranar hutunsa, ya tura kwali awa takwas, ya koma gida da ƙasa da wanda ya yini a kwance da dubu shida.

Dogo ya mayar min da biro, ya ce Allah ne ya haɗa shi da ni.

Sharaɗi biyu. Na farko, dole kai ma ka yarda da lissafin, kamar yadda na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Na biyu, kada ka taɓa lissafa Asabar fiye da ɗaya, don in ka kai huɗu ko da gurguwar hanyarka riba za ta fito. Ni ban taɓa kaiwa ba.

Mataki na 5: Ka bar wa wasu yaɗawa

Kada ka yi wa'azi. Ka faɗa wa mutum uku, ka ce su rufa maka asiri. Cikin mako guda mu arba'in da ke sashen naɗe sabulu kowa ya san aikin Asabar tarko ne, har wasu suna ƙara masa gishiri, wai akwai wanda ya yi Asabar biyu aka biyo shi bashi.

Takardar ta yi wata a allo ba suna ko ɗaya. Shugaban sashenmu, wanda muke kira Mai Agogo, ya rasa gane kanmu. Ya ce bai taɓa ganin talakawa masu gudun kuɗi irinmu ba. Da ya gaji, kamfani ya koma ɗauko leburorin rana daga waje duk Asabar. Wannan shi ne kyawun tsarin. Tun da ba wanda ya yi aikin a cikinmu, ba wanda ke da takardar da za ta ƙaryata ka.

Za a fara gayyatarka gidaje, ka je. Na je gidan Dogo wata Asabar da hantsi, muka zauna a tsakar gida mu biyu ba aikin fari ba na baƙi. Aka fito da Inna, jikarta na riƙe da hannunta, tana laluben bango da ɗayan. Ta zauna ta juyo fuskarta wajen da take jin muryata, ta ɗan kauce kaɗan, sai ya zama tulun ruwa take kallo. Ta ce an gaya mata na san lissafi, in duba mata saura wata nawa. Na fito da kalkuleta na duba mata, na faɗa mata daidai, ban yi kuskuren ko wata ɗaya ba.

Mataki na 6: Ka raba jama'a da tagar akawu

Babbar abokiyar gabarka ita ce akawun albashi. Tamu wata mata ce mai gilashi, tana zaune bayan taga mai ƙarfe, ba ta da yawan magana, kuma abin haushi ta san aikinta. Ka riƙa tuna wa mutane cewa kamfani ne ke biyan ta. Ba ƙarya ka yi ba, kai ma shi ke biyan ka, amma ba wanda zai lura.

Ta taɓa tashi a taron ma'aikata ta ce ana yi wa jadawalin nan mummunar fahimta. Na dai ciro jan birona na rubuta wani abu a tafin hannu, na girgiza kai. Mutane suka fara guna-guni, wani daga baya ya ce an turo ta ne. Ta zauna.

Mataki na 7: In gaskiya ta tare ka, ka tabbata ba shaida

Komai iyawarka wata rana za ka je tagar da kanka. Ni na'urar danna yatsa ce ta ƙi karanta yatsana ranar wata Talata, aka rubuta ban zo ba, na je a gyara. Ta gyara, ta ce in ɗan tsaya. Ta ɗauki bayan wani ambulan ta zana akwati uku a jere. Ta zuba dubu talatin a na farko, dubu hamsin a na biyu, ta rubuta dubu ɗaya da ɗari bakwai a na uku, ta zagaye shi.

Ta ce, "Malam, ba duka kuɗin ake cire wa ashirin ba. Abin da ya haura dubu tamanin kaɗai. Wannan ɗan guntun. Harajinsa ɗari uku da arba'in ne."

Na ce ai na sani, akwai dai wasu abubuwa a ciki.

Ta ce babu komai a ciki, yana rubuce a ƙasan jadawalin. Ta lissafa min Asabar huɗu a wata, bayan an cire fansho da haraji da komai, mutum zai tafi gida da ƙarin dubu goma sha takwas da ɗari shida da arba'in. Sannan ta cire gilashinta ta ce, "Ni ba sa jin maganata. Kai suke ji. Don Allah ka gaya musu."

Na karɓi ambulan ɗin na ce zan yi nazari. Na shiga banɗakin ma'aikata na kulle, na danna lissafin sau uku a tsaye. Sau uku tana da gaskiya. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, gumi har cikin takalmi. Wata goma sha tara ke nan ina hana mutum arba'in kuɗinsu, kyauta, ba wanda ya sa ni.

Ka yaga ambulan ɗin ƙanana. Kada ka zuba a kwandon shara na sashenku.

Mataki na 8: Ka yi shiru, amma da dabara

Mai rauni zai fito daga banɗakin ya tara mutane ya ce ya yi kuskure. Minti biyar ne, za a zage shi, a yi masa dariya mako biyu, a manta. Kai ba haka za ka yi ba. Za ka ce gobe.

Goben tana da hanyoyi. Litinin mutane ba su da walwala, ba ranar irin wannan magana ba ce. Tsakiyar wata ba kuɗi a hannu, rai a ɓace yake. Ƙarshen wata kuma kowa na murna, bai kamata ka ɓata musu ba. In wani ya tayar da maganar Asabar, ka ce ka ji ƙishin-ƙishin za a sauya dokar, kana bin lamarin. In akawu ta hango ka, ka sunkuya ɗaure igiyar takalmi.

Da wannan dabara na ci wata biyar. A cikinsu ne Dogo ya zo aiki wata safiya ya makara kwatar awa, ya ce Inna ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa ta fasa goshi, sai da aka yi ɗinki uku. Ya ce yanzu sun ɗaure mata igiya daga ƙofar ɗaki zuwa banɗaki, tana bi da hannu. Yana faɗa yana turo kwali, ni ina liƙewa. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, abin da ya fito shi ne Allah ya kiyaye gaba.

Mataki na 9: Ranar da za a kawo maka takarda

Wata Alhamis injin naɗewa ya tsaya, oda ta taru, Mai Agogo ya ce ranar Asabar dole mutum shida su fito ko su nemi wani aikin. Sunana na ciki, na kawo takardar asibiti. Sunan Dogo na ciki, ya fito, ya yi awa takwas yana ganin ana zare masa dubu shida daga kuɗin idon uwarsa.

Ranar biya ya same ni a benci, fuskarsa ba daɗi. Ya zauna kusa da ni ya rage murya, ya miƙo takardar a naɗe. Dubu saba'in da huɗu da ɗari huɗu da sittin.

Ya ce, "Malam Akanta, duba min. Ina ga sun yi kuskure, sun ba ni fiye da haƙƙina da dubu goma sha ɗaya. In mayar musu ne? Ina tsoron kada a gano daga baya a ce na ci."

To, ga amsoshin da suka dace, ka zaɓi ɗaya. Ka ce kuskure ne, ya yi shiru ya gode wa Allah. Ko ka ce dokar da kake bi ce aka sauya a wannan watan, har ka karɓi godiya. Ta biyun ta fi, don za ta bar ka da girmanka, kuma kowa ya koma aikin Asabar ba wanda ya san komai. Ina ba ka shawara da babbar murya ka ɗauki ta biyu. Tana bakina a ranar, na ma fara ta.

Sai dai mutumin yana zaune yana neman izinina ya mayar da guminsa. Na kasa. Na ce masa ba su yi kuskure ba, ni na yi. Na juya takardar na zana masa akwati uku. Na faɗa masa abin da Asabar huɗu ke kawowa a wata.

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce kowa na kuskure, ai ɗan Adam ne. Ya kalli akwatunan, sai ya tambaye ni yau na gano ne.

Na ce a'a.

"Tun yaushe?"

"Wata biyar."

Ya miƙo hannu, na ɗauka gaisawa zai yi, ashe kalkuleta yake so. Na ba shi. Ya danna dubu goma sha takwas da ɗari shida da arba'in da babban yatsansa, a hankali, ya ninka da biyar, ya juyo min fuskarta. Dubu casa'in da uku da ɗari biyu.

Ya ce, "Saura dubu casa'in ne kuɗin aikin ya cika."

Ya ajiye min ita a cinya, ya tashi ya je allo ya ari biro wajen mai gadi ya rubuta sunansa a takardar aikin Asabar da har yanzu ke liƙe. Kafin a tashi aiki takardar ta cika har an juya bayanta. Ni ma na rubuta nawa a can ƙasa, kuma da wata ya ƙare na kai masa ƙarin da na samu a ambulan. Ya ce in bar shi, ya gode, ya riga ya tsara yadda zai yi.

Sanarwa

Wannan jagora don ilimantarwa ne kawai. Lambobin cikinsa na masana'antarmu ne, naka na iya bambanta, ka tambayi akawunku. Marubucin ba ya ɗaukar alhakin asarar Asabar, ko ta benci, ko dariyar da za a riƙa yi in ka wuce sashen injin. Ba ya ɗaukar alhakin ɗinki uku a goshin kowa, ko wata huɗun da aka ƙara wa wata tsohuwa tana bin igiya. Haka nan babu ruwansa in abokin aikinka ya zaɓi kada ya gaya wa mahaifiyarsa komai, ita kuma ta riƙa aiko maka da saƙo duk Litinin cewa a gaishe da ɗanta mai lissafi, Allah ya yi masa albarka, shi ne mutum na farko da take son gani in an buɗe mata ido, shi kuma ya isar maka da saƙon kalma bayan kalma, ba ya rage komai, yana turo kwali na gaba.